Gurmi daga Damagaram, amshi daga Kumasi: wata takwas ina aiki da BandLab

Ɗan ƙaramin sitidiyo gare ni a wani lungu bayan Titin Zoo a Kano. Ɗaki ɗaya ne da aka manna wa soso a bango, da fiyano Yamaha, da makirufo biyu, sai kwamfutar da ta girmi ɗana na fari. Abincina waƙar biki ce, sai ta siyasa idan kakarta ta zo. Amma na daɗe ina son in yi waƙa da gurmi na gaske, wanda yatsun mutum suka kaɗa, don kwaikwayon da fiyano ke yi ya fita daga raina. Mai gurmin da na ƙwallafa rai a kansa dattijo ne a Damagaram, ta wajen dangin mahaifiyata na Matamaye na san shi. Mun sa rana zai zo Kano a watan Agustan 2023, har na share masa ɗaki. Sai ga juyin mulkin 26 ga Yuli a Yamai, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka garƙame iyaka. Tafiyar kilomita 240 ko kusan haka ta koma kamar zuwa Makka a ƙafa, kuma ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024.

Da WhatsApp muka fara, kamar kowa. Ɗansa ya riƙe waya, Baba ya kaɗa, a turo mini. Saƙon murya kuwa don magana aka yi shi, yana matse sauti don ya yi sauƙin tafiya, sai ka ji wannan ɗan kukan tsirkiya a kan fata, wanda shi ne daɗin gurmi, ya tafi. Ana iya tura fayil ɗin a matsayin takarda ya iso lafiya, mun kuma yi hakan. Abin da ya gagare mu shi ne lissafi. Cikin mako uku wayata ta cika da "gurmi na ƙarshe", "na ƙarshe 2", "na ƙarshen gaske wallahi", na rasa wanne ne aka yi a kan wane kiɗa. Wani yaro mai waƙar gambara da ke zuwa wajena ya ga ina ta laluben fayil, ya ce, "Oga, wai ba ka san BandLab ba?" Na ji haushin tambayar, amma na sauke.

Manhaja ce ta wani kamfani a Singafo, Meng Ru Kuok na cikin waɗanda suka kafa ta a 2015. Tana aiki a wayar Android da iPhone, tana kuma buɗewa a kwamfuta ta intanet, ba sai ka sauke komai ba. Abin da ya sa na saki jiki da ita, su ne suka sayi Cakewalk, manhajar haɗa kiɗa a kwamfuta, a 2018, ni kuwa da Cakewalk na koyi aiki a hannun ogana tun ina mai share sitidiyo. Ainihin aikin kyauta ne: ka buɗe waƙa, ka jera layukan sauti har 16, ka gayyaci wanda kake so ya shigo ya ɗora nasa. Waƙar tana zaune a intanet, kowa ya buɗe abu ɗaya yake gani. Kuma duk lokacin da wani ya adana aikinsa, manhajar tana ajiye wannan zubin daban, da sunan wanda ya yi, na baya kuma suna nan. Wannan kaɗai ya raba ni da ciwon kai. Sau biyu na koma zubin da muka bari da kusan wata guda, don na gane can baya muka fi dacewa.

Amma ba a nan ta fi yi mini amfani ba, kuma kafin in gane sai da na ɓata mako biyar.

Yadda muke aiki a Kano, kiɗa ake fara yi. Ka saita metronom, wato ɗan ƙas-ƙas ɗin nan mai auna bugu, ka jera ganga da bes a fiyano, sannan mawaƙi ya hau. Haka na yi wa Baba. Na haɗa kiɗa tsaf, na ɗora, na ce ɗansa ya sa masa iyafis ya bi. Abin da ya dawo mini gurmi ne, amma kamar an ɗaure wa mai shi hannu. Yana shiga baiti sai ya riga kiɗan, yana zuwa amshi sai ya ja baya. Na riƙa yanka ina matsarwa, bugu bayan bugu, har dare ya raba, in saurara in ji ba daɗi. Na sake turawa, ya sake yi, haka dai. Rannan sai ɗan ya bar wayar tana ɗauka bayan sun gama, ko ya manta ne ko da gangan, Allah masani. Na ji muryar dattijon a ƙarshen layin yana cewa, "Ka gaya wa ɗan Kanon nan, ni ban taɓa bin agogo ba. Makaɗi nake bi, shi ma yana bi na."

Na daɗe zaune. Washegari na goge duk kiɗana, na kashe metronom, na aika cewa, "Baba, a yi haƙuri, kai za ka fara, ni zan biyo." Ya kaɗa minti shida shi kaɗai, yana waƙa ƙasa-ƙasa. Da na saurara da kunnen basira sai na ga saurin da nake kira kuskure tsari ne. Idan magana ta yi zafi a baiti yana ɗan ƙara gudu, idan ya sauko amshi ya saki, kamar mai hira. Na kira wani mai kalangu daga Fagge, na sa masa gurmin a kunne, ban ce masa komai ba. Zubi biyu ya yi ya gama, yana dariya, ya ce ai wannan kiɗan gida ne. Ni da fiyanona muka shigo a ƙarshe, da hannu na buga, ban bar na'ura ta daidaita mini ko bugu ɗaya ba. Manhajar ba ta tilasta maka bin ƙas-ƙas ɗin, kana iya kashe shi, ni ne dai na shigo da ɗabi'ata. Amma da a ce gaba da gaba muke a sitidiyona, da wuya dattijon ya faɗa mini wannan magana, kunya da kara za su sa ya yi ta bin agogon har a tashi. A tsakar gidansa yake, a kan tabarmarsa, shi ya sa ya faɗi gaskiya.

Sai batun ɗaurin tsirkiya. Gurmi ƙwarya ce da fata, fata kuwa tana jin yanayi. Abin da Baba ya kaɗa a watan Satumba, damina ba ta gama tafiya ba, da wanda ya ƙara a Disamba cikin hunturu, muryarsu ba ɗaya ba ce, na hunturun ya ɗan haura saboda fatar ta bushe ta ɗame. Kuma duka biyun ba su zauna daidai a kan maɓallan fiyano ba. Akwai AutoPitch a cikin manhajar, abin gyaran murya irin wanda kunnen masu sauraron waƙar fim ya saba da shi, yara kuma suna son sa ƙwarai. Na gwada shi a muryar Baba na minti ɗaya don in ji, na cire da sauri kamar na taɓa wuta. Ga mai waƙar nanaye abu ne mai kyau, yana aikinsa. Ga wannan waƙar, fiyanon na sauke kaɗan har ya haɗu da gurmin.

Amshi daga Gana ya zo. Wata baiwar Allah ce 'yar zango a Kumasi, ƙanwar matar wani abokina, tana waƙa a bukukuwa. Na gayyace ta cikin waƙar, kwana biyu sai ga murya uku ta jera, duk ita kaɗai, ɗaya bisa ɗaya. Ta kawo wani salo da ban taɓa tunaninsa ba, muryoyin suna tafiya tare amma kowacce da hawanta, abin da kunnenta ya taso yana ji a kiɗan Gana. Mu nan 'yan amshi murya ɗaya suke bi gaba ɗaya. Na tura wa Baba ina ɗar-ɗar. Ya ce a bar shi a amshi na biyu da na ƙarshe, a cire a na farko, don mutane su fara jin waƙar tukuna kafin a yi mata ado. Haka aka yi, kuma shi ke da gaskiya. Mun ɗan yi ja-in-ja da ita a kan kalma guda, domin Hausar zango ba ta cika raba namiji da mace ba, ta rera "ya tafi" alhali mace ake nufi. Na gyara mata, ta gyara, sannan ta rubuto mini, "Yaya, mu a nan kowa ya ne." Sai kuma agogo: Gana tana bayanmu da awa guda, na sha kiran ta ina cewa ta makara alhali ni ne na yi gaggawa.

Kada wani ya ɗauka za a zauna a kaɗa tare a lokaci guda, kai a Kano shi a Damagaram. Jinkirin intanet ba zai bari ba, ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba ya isa ya wargaza kiɗa. Aikin bi-da-bi ne, ka ɗora ka jira. Ko a wayarka kai kaɗai akwai ɗan jinkiri tsakanin abin da kake ji da abin da ake ɗauka, musamman a ƙananan wayoyin Android, don haka a nemi iyafis mai waya, a ajiye na Bluetooth gefe. Sai data. Sautin da ba a matse ba yana cin wajen megabait 10 a minti guda idan na kunne biyu ne, ka lissafa layi goma na waƙar minti shida. A lokacin kuma Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, ɗan Baba sai ya kai salularsa caji kasuwa, ya jira dare lokacin da sabis ɗin waya, ko rezo kamar yadda suke cewa, ya fi ƙarfi. Akwai zubin da ya kwana uku kafin ya iso ni. Babu Hausa a cikin manhajar, don haka dattijo irin Baba dole sai da yaro a gefe.

Wannan zirga-zirgar sauti tsakaninmu da Nijar ba yau aka fara ba, kayan aikin ne kawai ke sauyawa. Mdou Moctar, Ba'abzinen nan mai jita da yanzu yake zagaya Amurka da Turai, a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko a 2008, da irin gyaran muryar waƙoƙinmu na fim. Waƙoƙin suka riƙa yawo daga waya zuwa waya ta memori da Bluetooth har suka faɗa hannun Christopher Kirkley, Ba'amurken da ya kafa Sahel Sounds. Shi wannan kamfanin a 2020 ya yi ta fitar da waƙoƙin da mawaƙan Sahel suka ɗauka da waya suka tura masa ta WhatsApp. Bambancin da na gani, a can tura gamammen abu ake yi. A nan kuwa waƙar tana buɗe, kowa na iya sa hannu ya ce a'a, ga yadda nake ji.

Layi 16 sun ishe mu, amma da ƙyar, sai da na haɗe wasu muryoyin amshin wuri guda. Wanda ya saba jera layi talatin zai ji ƙunci, sai dai ya biya kuɗin zama mamba. Haɗa sauti na ƙarshe ban yi shi a waya ba, na sauke layukan ɗaya-ɗaya na kai kwamfutata, don a nan hannuna ya saba. Akwai mastarin, wato gogewar ƙarshe da ake yi wa sauti, na kyauta da na'ura ke yi cikin ɗan lokaci, ya yi kyau ga waƙar da za a sa a mota ko a gidan biki, amma ni na fi son gurmin da sauran numfashinsa, don haka da kaina na yi. Abu ɗaya da zan ja kunne a kai shi ne maɓallin Fork. Idan ka wallafa waƙa ka kunna shi, kowa a duniya na iya ɗaukar layukanka ya gina tasa a kai. Ga yaro mai neman abokan aiki a Legas ko Landan, wannan garaɓasa ce. Ga kiɗan dattijon da ya gada daga ubansa, ban ga dalili ba, a rufe muka bar waƙarmu daga farko har ƙarshe.

Maganar kuɗi da ta mallaka kuwa manhajar ba ta raba muku gardama. Tana nuna wanda ya ɗora me, iyakarta ke nan. Mu tun kafin a yi nisa muka yi magana a gaban shaidu, ta waya, kowa ya san kasonsa. Na Baba a sefa na biya ta hannun wani ɗan kasuwar Kantin Kwari mai hulɗa da Damagaram, na kuma sha ruɗewa da lissafinsu na dala da jikka kafin in gane dala ɗaya sefa biyar ce.

Idan mawaƙi ne kai ko makaɗi, kana da waya da iyafis da wanda kake son aiki da shi a Maraɗi ko Garwa ko Khartum, ka sauke ta, ba za ka yi asarar komai ba sai data. Idan kuwa sitidiyonka ya cika da kaya kuma abokan aikinka duk a unguwa ɗaya kuke, ba ta da wani abin da za ta ƙara maka.

Baba ya zo Kano bayan ƙaramar Sallah a 2024, ta Kwangwalam ya shigo, gurminsa a cikin buhu. Na zaunar da shi a kujerata na kunna masa waƙar a manyan lasifika, karo na farko da ya ji ta ba a waya ba. Ya saurara har ƙarshe idonsa a rufe. Da muryar Kumasi ta shigo ya ɗan gyaɗa kai. Da ta ƙare ya ce baiti na uku ranar sanyi ya kaɗa shi, yatsunsa ba su sake ba, yana so ya maimaita. Na ce Baba ai waƙar ta riga ta fita. Ya ce to a maimaita don ni da kai, ya fara kwance bakin buhun, ya ce a aiki yaro ya samo masa shayi.