Manyan injekta a Hilux ɗina: abin da na gani a hanyar Marwa zuwa Ngaundere

Motata Hilux ce ƙirar 2012, injin 2KD mai lita 2.5, irin wadda ake rubuta wa D-4D a jiki. Da ita nake ciyar da iyalina. Idan kakar albasa ta kama, nakan ɗauko buhuna daga Marwa a arewacin Kamaru, in biyo ta Figil in kwana gida a Garwa, washegari in wuce Ngaundere inda ake loda kaya zuwa kudu. Duk direban da ya san hanyar nan ya san inda ake gane mota, wato hawan dutsen da ke gaba da Mbe. Garwa tana can ƙasa a bakin Binuwai, Ngaundere kuwa ta haura mita 1,000 a sama da teku, kuma mafi yawan tsayin nan a ɗan tsakanin ake cinye shi, lanƙwasa bayan lanƙwasa. Ƙarfin doki 102 kamfani ya ba irin injina. In na yi lodi, da giya ta biyu nake rarrafawa har in kai sama.

Kafin maganar injekta, wato na'urorin da ke fesa mai cikin inji, na riga na taɓa motar. Na sa mata babban intakula mai sanyaya iskar turbo (turbo shi ne ke tura wa inji ƙarin iska), na faɗaɗa salansa, na ƙara ganyen sifirin a baya. Da na ga har yanzu hawan na ba ni wuya, sai wani abokin sana'a ya haɗa ni da mai sayar da kayan gyara a Duwala. Ya turo mini hoton injekta huɗu ta WhatsApp, ya ce suna zuba mai fiye da na asali da kashi 50 cikin ɗari, kuma wai saboda ramukan bakinsu sun fi faɗi, ba sa toshewa ko da gazuwal (man dizal) ɗin jarka aka sha. Na biya, aka aiko su ta motar haya, aka ɗaura a rana ɗaya.

Gaskiya makon farko na ji daɗinsu. Ɗan taɓa totur kaɗan, sai ka ji motar ta zabura. A miƙaƙƙiyar hanya tsakanin Garwa da Figil ina wuce manyan motoci ba tare da na sauko da giya ba. Amma tun a makon na fara ganin abin da bai kwanta mini ba. Da asuba in na tayar da ita, injin na ƙwanƙwasa kamar ana dukan ƙarfe da guduma, yana kakkarwa, hayaƙi mai yaji na shiga ido. In na taka da kaya kuwa, baƙin hayaƙi ke turnuƙe hanya har masu babur na baya su kauce gefe suna toshe hanci. Sannan ga shan mai. Da can lita 10 ke kai ni kilomita 100 da lodi, sai ya koma 14. Zuwa da dawowa tsakanin Marwa da Ngaundere kusan kilomita 1,000 ne, ka ga ƙarin lita 40 ke nan. A farashin sefa 828 da litar gazuwal ta koma a Fabrairun 2024, sama da sefa 33,000 ke fita daga ribata a kowace tafiya.

Na kai ta wurin wani dattijon makanike a Garwa wanda ya daɗe a kan injin gazuwal. Bai taɓa sifana ba tukuna. Ya zaro sandar awon baƙin mai, ya shafa a yatsu biyu, ya murza, ya kai hanci. Man da bai cika kilomita 2,000 ba ya yi baƙi ƙirin, ya tsinke kamar ruwa, yana warin gazuwal. Ya ce, “Alhaji, motarka tana cin abin da ba ta iya narkarwa.” Na ce, “Baba, ai ƙarfi ya ƙaru.” Ya ce in bari ya huda bututun da hayaƙi ke fita daga inji, kafin turbo, ya ɗaura agogon awon zafi, sannan mu hau Mbe tare in gani da idona.

Watan Afrilu ne, zafin Garwa ya haura digiri 40. Muka yi lodi muka kama hanya. A ƙasa agogon na wasa tsakanin 400 da 500. Da muka shiga hawan, na danna totur a giya ta uku, sai allura ta fara tafiya ba tsayawa, 600, 700, har ta gota 780. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne allurar zafin ruwa ta gaban sitiyari ko motsi ba ta yi ba, tana nan a tsakiya kamar kullum. Baba ya dafa kafaɗata ya ce in ɗaga ƙafa. Muka tsaya a gefe, injin na aiki a hankali don turbo ya huce, ya ce mini fistin ɗin nan na alminiyam ne, alminiyam kuma tun wajen digiri 660 yake narkewa. Abin da ke ceton fistin shi ne baƙin man da ake fesa masa daga ƙasa da kuma iskar da ke shigowa, amma in aka daɗe a irin wannan zafi tsagewa yake yi. Na yi tafiya shida a haka ban sani ba.

Bayanin da ya yi mini a gefen hanyar nan shi ne ya kamata in ji kafin in fitar da kuɗina. Kwamfutar motar ba ta auna man da ya shiga silinda. Abin da ta sani shi ne ƙarfin matsin da ke cikin bututun gazuwal, wanda a irin wannan inji yakan haura bar 1,000, da kuma tsawon lokacin da za ta buɗe injekta. Da waɗannan biyun take lissafi, bisa zaton ramin na asali ne. Ka faɗaɗa ramin ba ka gaya mata ba, za ta buɗe daidai lokacin da ta saba, mai ya kwarara fiye da kima. Turbo kuma ƙaramin nan ne na kamfani, iskar da yake turawa ba ta ƙaru ba, ga shi a saman dutse iskar ma ta fi sirancewa. Man da bai sami iska ba shi ne hayaƙin, shi ne zafin, shi ne kuma ke wanke jikin silinda ya gangara cikin baƙin mai. Ƙwanƙwasar asuba ita ma da dalilinta: kafin babban feshi akwai ɗan ƙaramin feshi da ake yi don a tausasa kamawar wuta, kuma babban rami ba ya iya fitar da ɗan mitsitsin man nan daidai.

Da muka dawo aka cire injektan aka kai su wurin masu injin gwaji. Kwalabe huɗu na gilashi a jere, kowane injekta na zuba a tasa. Da aka gama, biyu sun kusa daidai, ɗaya ya haura su da yatsa guda, na huɗun ya gaza. Ashe tsofaffin jiki ne aka sauya wa baki. Injektan Denso na asali kowanne na da lambobi a kansa da ake shigar wa kwamfuta don ta daidaita ɗan bambancin da ke tsakaninsu, to waɗannan lambobin da ke kansu na tsohon baki ne, ba su da alaƙa da sabon. Maganar cewa sun fi jure man jarka kuwa ba ta da tushe. Ruwa da ƙura ba a ramin feshi suke fara ɓarna ba, a ɗan bawul ɗin cikin injekta da famfon gazuwal suke ci.

Ban koma na asali kai tsaye ba, don motar tana da intakula da salansar da za su ɗauki ɗan ƙari. Na sa wasu injekta masu ƙarin kashi 15, aka gwada su huɗun a gabana har suka zo kai ɗaya, aka sa sababbin wasa, wato zoben da ke hana yoyo, a mazauninsu, don tsohuwar wasa in ta yi yoyo toka ke shiga baƙin mai ta toshe rariyar famfon mai. Wani matashi mai aikin kwamfutar mota ya zauna da mu yini guda yana rage lokacin feshi, muna hawa muna sauka, har hayaƙin ya koma ɗan toka-toka. Na ƙara filta mai raba ruwa da mai kafin ta asali. Yanzu wata tara ke nan. Ina hawa Mbe da giya ta uku da lodi, agogon bai wuce 650 ba, mai kuma ya tsaya wajen lita 11.

Akwai abin da ba zan ɓoye ba. Wani ɗan'uwana mai irin motata bai canza injekta ba sam, gyaran kwamfuta kawai ya yi da intakula, kuma in mun fito tare tazarar da nake ba shi a hawan ba ta kai ta kuɗin da na kashe ba. Masu kashi 50 ba na ce ba su da amfani, amma na wanda ya sauya turbo ne zuwa babba, ya tabbatar famfonsa zai iya riƙe matsi, yana da agogon zafi da wanda zai daidaita masa kwamfuta. Mai ɗaukar buhu a zafin Afrilu ba ya cikinsu. 'Yan'uwanmu na Kusseri da Njamena masu Land Cruiser mai injin 1HZ, su lissafinsu daban ne, don famfo ne ke auna musu mai ba kwamfuta ba, kada su ɗauki alƙalumana su yi aiki da su.

Abin da ya rage mini yanzu kuloci ne. Tun lokacin manyan injektan nan ya fara sulɓewa a giya ta huɗu idan na taka da kaya, kuma bai daina ba. Ina lallaɓa shi har kakar albasa ta wuce, sannan in sa mai ƙarfi.