Lesin Turanci na Siffanta Abu da Baki: Abin da Na Gani

A dogon hutun da ya gabata na sa ƙanwata, wadda ke aji 2 na babbar sakandare, a wani lesin Turanci da ke unguwarmu a Zariya, saboda na ji cewa a can magana ake koyarwa. Malamar kan ajiye wani abu a kan tebur, buta ko faifai ko fitilar ƙwai, ta ba ɗalibi minti 2 ya siffanta shi da Turanci ba tare da ya kama sunansa ba, sauran 'yan aji da suka juya baya kuma su canka.

Wannan tsari ya burge ni ne domin takarda ta 3 ta Turancin WAEC a Najeriya, duk da sunanta gwajin furuci, tambayoyi 60 ne na zaɓi da ake amsawa cikin minti 45, don haka yaro kan iya samun kiredit bai taɓa haɗa jimla uku a gaban mutane ba.

Ranar da na zauna a bayan aji, wata yarinya ta tsaya cak a tsakiyar siffanta buta, tana murza bakin hijabinta. Malamar ba ta katse ta ba, ba ta kuma bari an yi mata dariya ba, sai da ta kammala sannan ta miƙa mata ƙaramin madubi, ta ce: "Duba nan, 'yata, harafin p leɓɓa ne ke haɗuwa, f kuwa haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa." Wannan ita ce matsalar da ta fi damun mu Hausawa, kuma ban taɓa ganin an warware ta cikin sauƙi haka ba.

Sai dai akwai gyara. Ɗaliban sun yi wa malama ɗaya yawa, har ƙanwata kan yi kwana uku layi bai zo kanta ba. Haka kuma wani lokaci hoto ake ba su su siffanta, kuma wasu hotunan daga littattafan Ingila aka ciro su, kuma idan aka nuna wa yaron Tudun Wada dusar ƙanƙara ko jirgin ƙarƙashin ƙasa ya yi shiru, ba Turanci ne ya gagare shi ba, abin ne bai sani ba.

Zan sake biya mata a hutu mai zuwa, amma zan nemi ajin safe, wanda aka ce bai kai na yamma cunkoso ba.