Drishyam na 2015 da Drishyam 2 na 2022: Wanne Ya Fi, Kuma Ta Wace Fuska?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko kashi na biyu na fim ɗin Drishyam na harshen Hindi ya kai na farko, da kuma ko mutum zai iya kallonsa ba tare da ya san abin da ya gabata ba. Tambaya ta biyu ba ta da wahalar amsawa: kada ka fara da na biyu, domin duk nauyinsa yana kan abin da mai kallo ya riga ya sani tun daga na farko. Ta farkon ce ke buƙatar bayani, kuma ba zai yiwu a yi shi ba sai an tona asirin labarin duka biyun, saboda haka wanda bai kalla ba, kuma ba ya son a ɓata masa daɗi, ya dakata a nan.

Na farko ya fito a ƙarshen watan Yulin 2015, Nishikant Kamat ne ya ba da umarni, shi kuwa ya rasu a 2020 kafin a yi na biyu. Na biyu ya fito ranar 18 ga Nuwamba, 2022, ƙarƙashin umarnin Abhishek Pathak. Dukansu biyu an ɗauko su ne daga finafinan harshen Malayalam na jihar Kerala waɗanda Jeethu Joseph ya rubuta kuma ya shirya a 2013 da 2021, inda Mohanlal ya fito a matsayin maigida. A na Hindi an mayar da labarin jihar Goa, Ajay Devgn ya zama Vijay Salgaonkar, Shriya Saran ta zama matarsa Nandini, Tabu kuma ta zama Meera Deshmukh, babbar jami'ar 'yan sanda wadda ɗanta ya ɓace. Waɗannan ukun duk sun dawo a na biyu, haka ma 'yan matan da suka fito a matsayin 'ya'yan gidan, wanda hakan ya sa shekaru bakwai da labarin ya tsallake suka bayyana a fuskokinsu ba tare da wata kwalliya ba.

Babban bambancin da ke tsakaninsu, a ganina, shi ne wurin da kowannensu ya ajiye mai kallo. A na farko muna cikin gidan Vijay tun daga daren da abin ya faru. Mun ga yadda Sam, ɗan Meera, ya zo yana yi wa Anju, babbar 'yar Vijay, barazana da hoton bidiyon da ya ɗauke ta a ɓoye tana wanka, mun ga yadda ta kai duka da nufin fasa wayar ya same shi a ka, mun kuma ga uwa da 'ya sun binne gawar a ramin da aka haƙa don takin lambu, ƙaramar 'yar tana leƙe. Daga nan duk abin da Vijay ya yi, a idonmu ya yi shi: ya jefa motar yaron mai launin ɗorawa cikin ruwan wani tsohon wurin fasa dutse, ya saka layin wayarsa a wata waya ya jefa kan babbar mota mai tafiya nesa, sannan ya kwashi iyalinsa zuwa Panaji, babban birnin Goa. Abu ɗaya tak aka ɓoye mana, wato inda ya mayar da gawar, kuma shi ma an ba mu a daƙiƙar ƙarshe, lokacin da muka gane cewa tana ƙarƙashin daɓen sabon ofishin 'yan sandan da ake ginawa a lokacin. Tsoron da ke cikin wannan fim tsoro ne na wanda ya san gaskiya yana kallon masu nemanta suna matsowa kusa.

Na biyu ya juya wannan tsari. Kusan awa ɗaya da rabi ana nuna mana Vijay wanda ya yi arziki, ya mallaki gidan sinima, yana ta zirga-zirga wajen wani marubuci mai suna Murad Ali, wanda Saurabh Shukla ya fito a matsayinsa, da sunan yana son shirya fim. Muna ganinsa kamar mutumin da ya saki jiki, alhali 'yan sanda sun kewaye gidansa ta hanyar da bai kamata ya kasa gani ba. Sai a ƙarshe, lokacin da Murad Ali ya zauna gaban jami'ai yana ba su labarin da Vijay ya tsara masa, muke gane cewa duk abin da muka ɗauka shirme ne shiri ne na shekaru. Ke nan a na farko mai kallo abokin sirrin Vijay ne, a na biyu kuwa yana cikin waɗanda Vijay ya yaudara. Wanda ya fi son a ba shi mamaki zai fi jin daɗin na biyu, wanda ya fi son zuciyarsa ta riƙa bugawa tun daga tsakiyar fim har ƙarshe zai tsaya kan na farko, kuma ni a nan nake.

Ya kamata a ɗan dakata kan dabarar da Vijay ya yi a kowanne, domin nan ne ake gane ƙarfin rubutun. A na farko shi mutum ne wanda bai wuce aji huɗu na firamare ba, sana'arsa haɗa wa mutane tashoshin talabijin ta waya, kuma duk iliminsa na shari'a da bincike daga finafinan da yake kwana yana kallo a shagonsa ya samo shi. Abin da ya yi ba ya buƙatar kuɗi ko sanin manya. Ya kai iyalinsa Panaji da gaske, sun kwana a masauki, sun ci abinci, sun shiga sinima, sun hau motar haya, ya adana kowane rasit da tikiti, sai dai tafiyar ba a ranar da suka ce aka yi ta ba. Daga baya ya riƙa komawa wurin mai abinci, da kwandastan mota, da mai haska fim, yana saƙa zancen ranakun 2 da 3 ga Oktoba cikin hira, har ya zauna musu a ka cewa a waɗannan ranaku suka gan shi. Da aka kira su gaban Meera ba ƙarya suka yi ba, abin da suka tuna suka faɗa. Wannan dabara tana da kyau domin kowa ya san yadda tunani yake: idan wani ya ce maka kun haɗu ranar Laraba, ya maimaita sau biyu cikin raha, da wuya ka tsaya lissafin ko Alhamis ce. Ba mamaki ranakun nan biyu suka zama abin barkwanci a Indiya duk shekara.

Dabarar na biyu ta fi girma, amma ta fi rauni. Bayan wani fursuna mai suna David ya fito daga gidan yari ya shaida cewa ya ga Vijay yana fitowa daga ginin ofishin 'yan sanda a daren, an fasa daɓe an tono ƙasusuwa, Vijay ya amsa laifi, kowa ya ɗauka an gama. A kotu sai ya janye, lauyarsa ta nuna cewa bayanin da 'yan sanda suka kawo ya yi daidai da wani littafin ƙagaggen labari da aka riga aka buga da sunan Murad Ali, don haka ana iya cewa daga littafin suka kwafo suka ɗora masa. Sannan gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna ƙasusuwan ba na Sam ba ne, domin Vijay ya daɗe da samo ƙasusuwan wani matashi mai irin shekarunsa da irin rauninsa ta hannun mai haƙa kabari, ya kuma ƙulla abota da mai gadin wurin da ake ajiye irin waɗannan kayan gwaji, ya kwana a can ya musanya su. Lokacin kallo abin yana burgewa ƙwarai, mutum har ya tafa. Amma idan aka koma gida aka sake dubawa, sai a ga cewa shirin ya dogara ne kan abubuwa da yawa da ba su hannun Vijay: dole a kai ƙasusuwan wannan wurin ba wani ba, dole su kwana ba a duba ba, dole kulawar da ake yi musu ta zama sako-sako a shari'ar da manyan jami'an jiha suka sa wa ido. Fim ɗin ya yi ƙoƙarin toshe waɗannan ƙofofi ta bakin Murad Ali, sai dai bayanin da aka zuba a baki cikin mintuna kaɗan ba ya zama a rai kamar abin da aka gani ana ginawa tubali bayan tubali.

Ta fuskar abokan hamayya, kowanne yana da nasa. Meera ta na farko uwa ce kafin ta zama jami'a, kuma Tabu ta riƙe ɓangarorin biyu a lokaci guda, ta yadda mai kallo yana jin tsoronta yana kuma tausaya mata, ko da a wurin da ta zuba ido Gaitonde yana dukan iyalin har da ƙaramar yarinya. Shi Gaitonde, wanda Kamlesh Sawant ya fito a matsayinsa, shi ne irin ɗan sandan ƙauye mai cin hanci da riƙon gaba, kuma abin ban haushi shi ne a wannan shari'a gaskiya yake faɗa, ya ga Vijay cikin motar yaron, amma halinsa ya sa ba wanda ya yarda da shi. A na biyu an kawo Akshaye Khanna a matsayin Tarun Ahlawat, sabon babban jami'i kuma abokin aikin Meera, mutum mai magana a hankali wanda ba ya buƙatar ɗaga hannu. Zuwansa gidan Vijay lokacin da maigidan ba ya nan, ya zauna yana yi wa Nandini da 'ya'yanta tambayoyi cikin ladabin da ya fi zagi ciwo, yana cikin wurare mafi kyau a fim ɗin. Farashin da aka biya shi ne an tura Tabu gefe, ta zama mai zaman jiran sakamako, kuma wannan asara ce.

Akwai inda na biyu ya fi na farko ba tare da gardama ba, wato wajen nuna abin da ɓoye gawa ya yi wa gidan. Na farko ya ƙare kamar nasara. Na biyu ya nuna Anju tana fama da farfaɗiya da firgita duk lokacin da ta ji jiniyar 'yan sanda, Nandini ba ta iya barci, mijinta kuma ya ƙi gaya mata inda gawar take domin ya kare ta, wanda hakan ya bar ta ita kaɗai da damuwarta. Mutanen gari da suka tsaya musu a da sun koma tsegumi tun da suka ga Vijay ya yi kuɗi. Wannan kaɗaici ne ya kai Nandini ga maƙwabciyarta Jenny, wadda take gani a matsayin baiwar Allah da miji mashayi yake duka, ba ta san cewa ita da mijin jami'an sirri ne da aka dasa ba. Wurin da ta saki baki gaban Jenny ya fi kowace tona rami ban tsoro, domin ba wauta ta sa ta magana ba, shekaru bakwai na shiru ne suka yi mata yawa.

Haka kuma Vijay kansa ya canza, ko da yake fim ɗin bai tsaya ya tuhume shi sosai ba. Na farko mutum ne da bala'i ya faɗo wa cikin dare ya yi abin da zai iya. Na biyu mutum ne da ya shafe shekaru yana abota da mutane don ya yi amfani da su, ya tono ƙasusuwan ɗan wasu da ba su san hawa ba su san sauka ba, ya bar marubuci da mai gadi cikin matsala. Aika wa iyayen Sam tokar ɗansu a ƙarshe, domin su yi masa abin da addininsu ya tanada, ya ɗan rage nauyin, amma bai goge shi ba.

Game da tafiyar fim, na farko ya fi tsawo, ya haura awa biyu da rabi, kuma farkonsa yana jan ƙafa da harkokin gida da na shago kafin Sam ya bayyana. Na biyu bai kai haka ba, kusan awa biyu da minti ashirin ne, amma shi ma sai bayan hutun rabin lokaci yake kama wuta. Waƙoƙin na farko Vishal Bhardwaj ne ya yi su da baitocin Gulzar, na biyu kuma Devi Sri Prasad, wanda kiɗansa ya fi ƙara da neman ɗaga jarumi. A kasuwa na biyu ya yi wa na farko nisa, domin ya tara sama da rupi biliyan 3 a duniya, fiye da ninki biyu na abin da na farko ya samu, kuma hakan ya faru ne a shekarar da finafinan Hindi da dama suka faɗi a sinima. Sai dai da dama daga cikin waɗanda suka cika sinimomin nan mutane ne da suka kalli na farko a talabijin da intanet cikin shekarun da ke tsakani, don haka wani kaso na wannan ciniki na farkon ne ya jawo shi.

Hukuncina shi ne na farko ya fi ƙarfin gini, kuma zai jure a sake kallonsa ko an san ƙarshensa, na biyu kuwa ya fi zafin minti talatin na ƙarshe da zurfin nuna halin da matan gidan suka shiga, amma daɗinsa yana raguwa a kallo na biyu. Idan za ka kalle su da fassarar Hausa, ka nemi wadda ba a yanke ba, musamman a na biyu, domin ƙananan wuraren da suke kama da cike gurbi, irin hirarsa da mai haƙa kabari da zamansa da mai gadi, su ne ake komawa kansu a ƙarshe, kuma wanda aka yanke masa su zai ga kamar an jefo ƙarshen ne daga sama. Ka kuma bar tazara kaɗan tsakaninsu, kwana ɗaya ko biyu, yadda sunayen Gaitonde da Meera da ranakun Oktoban nan za su kasance suna nan a kanka lokacin da David ya buɗe baki.