Gargaɗi kan masu tallan "azurfar Nizam" ta Haidarabad

Jama'a, don Allah a kula. Wani shafi a Facebook yana tallan tsofaffin tsabar rupi na masarautar Haidarabad ta Indiya, wadda ake kiran sarkinta Nizam, wai azurfa ce zalla, wai saura 'yan ƙwarori a duniya, kuma wai akwai attajirin da ke jira ya saye su hannunka da ninkin kuɗi. Ƙanen mahaifiyata ya faɗa hannunsu. Ya sayi uku, sannan aka ce ya turo "kuɗin rajista" kafin mai sayen ya zo. Daga ranar da ya tura, layinsu a kashe.

A Haidarabad nake karatu, don haka ni ya turo wa hotuna. Ina buɗewa gabana ya faɗi.

Rupin gaskiya irin wannan na ɗauke da hoton Charminar, ginin nan mai hasumiya huɗu, kuma a cikin ƙofar ginin akwai harafi ɗaya na Larabci. Harafin yana nuna sarkin da aka buga kuɗin a zamaninsa: mim na Nizam Mahbub Ali Khan ne. Ain na ɗansa ne, Usman Ali Khan, wanda ya hau gadon sarauta a 1911, wato 1329 ta Hijira. Na Kawu ain ne a ƙofa, amma shekarar da aka rubuta 1324. Ta yaya za a buga kuɗin sarki shekara biyar kafin naɗinsa? Duk wanda ya zauna makarantar allo zai iya kama wannan da idonsa.

Na ce ya kai wa maƙerin azurfa. Na gaske nauyinsa giram 11 ne da ɗan ɗoriya. Nasa bai kai ba, kuma maganaɗisu na matsowa ya cafke shi. Azurfa ba ta bin maganaɗisu.

Ko na gasken ma ba wani abin wuya ba ne, an buga su da yawa ƙwarai, galibinsu farashinsu bai yi wa kuɗin azurfar jikinsu nisa ba. Sannan dokar Indiya ta 1972 ta hana fitar da kayan tarihi da suka haura shekara 100 daga ƙasar. Mai cewa zai aiko maka da su daga nan, ko maƙaryaci ne ko kuma zai jefa ka cikin rigimar kwastan.

Abin da ya fi ƙona min rai, kuɗin da Kawu ya tara ne don takin bana. Shafin kuwa har jiya yana nan, sun canza suna kawai, hotunan ba su canza ba.