Babban kamfanin kebul ko ƙaramin ɗan haya?

Malam, sannu da zuwa Toronto, Allah ya sa an shigo a sa'a. Kan batun ko ka ja intanet daga babban kamfani ko daga ƙananan nan masu arha, ni dai na ce ka ɗauki ƙaramin.

Kebul ɗin da ya leƙo ta bangon falonka ɗaya ne, ko wa ka biya. A Kanada hukumar CRTC, mai kula da harkar sadarwa, ta tilasta wa masu kebul, irin su Rogers da Videotron da Cogeco, su ba ƙananan kamfanoni hayar layi a farashin sari, su kuma su sayar mana. TekSavvy, ɗaya daga cikin ƙananan, wadda aka kafa a garin Chatham na jihar Ontario a 1998, da haka take cin abinci. 'Yan'uwanmu na Amurka ba su da wannan gatan. Hukuncin shari'ar Brand X da Kotun Ƙolinsu ta yanke a 2005 ya bar masu kebul da ƙofarsu a rufe.

Shekarata huɗu ke nan da wani ƙaramin kamfani. Wani dare cikin hunturu layi ya yi ta ɗaukewa, ga 'yata da jarrabawa ta intanet washegari, ta zauna ta zuba min ido. Na kira su. Matar da ta ɗauka ta ce in leƙa bayan kujera, sai ga wani tsohon ƙarfen raba layi da wanda ya riga ni zama a gidan ya bari, duk ya yi tsatsa. Na kwance shi, na ɗaura kebul kai tsaye a modam, wato akwatin intanet, fitilu suka daina ƙyaftawa. Ba ta tallata min ko tashar talabijin ɗaya ba.

Babban kamfanin kuwa na yi shekara biyu da shi. Gudu ba laifi, amma rangwame na ƙarewa bil ya yi tsalle.

Ƙaramin kamfani ɗan haya yana da nasa aibin, ba zan ɓoye maka ba. In gyaran na kan sandar waje ne, ma'aikacin mai kebul za a jira, kuma kai ba kwastomansa ba ne. Ranar 8 ga Yuli 2022 da layin Rogers ya ɗauke, har katin biyan kuɗi na Interac ya ƙi aiki a shaguna, masu haya a kan layin ma zaman jiran suka yi. Arhar kuma ta ragu: CRTC ta zaftare kuɗin sari a 2019, ta janye ragin a 2021, daga nan manya suka shiga haɗiye ƙanana. Bell ta sayi EBOX da Distributel, Cogeco ta sayi oxio, Telus ta sayi Start.ca. Don haka ka bincika wa ke da kamfanin kafin sunan ya ruɗe ka.

Ka kuma yi hattara da masu ƙwanƙwasa ƙofa da 'yan tebur a manyan kantuna, sun iya shinshino baƙo. Za su ce maka shekara biyu ba ƙari, alhali rangwamen ne ba ya motsi, asalin farashin yana iya hawa. Ka ce a rubuta maka kuɗin da za ka biya bayan rangwame, da na hayar modam, da tarar fita. Wanda ya ce yau kawai ne, ka sallame shi. In an cuce ka, CCTS, hukumar sauraron koke kan kamfanonin sadarwa, na karɓar ƙorafi kyauta.

Sai dai kar ka sayi modam tukuna. Kowane kamfani yana da jerin waɗanda yake karɓa, ka duba shi kafin ka fitar da kuɗinka.