Sharhi kan famfon iska mai batir, bayan wata biyar ina amfani da shi a noman latas a cikin ruwa

A watan Nuwamba na fara noman latas a bayan gidanmu a Kano, a cikin bokitai huɗu masu cin lita 20 kowanne, ba tare da ƙasa ba. Shukar tana zaune a ɗan kofi mai huji a jikin murfin bokiti, saiwarta kuma tana rataye a cikin ruwan da aka narkar da taki a ciki, yayin da wani ƙaramin famfo mai aiki da wutar lantarki yake hura iska ta tiyo zuwa ƙasan bokitin. Duk tsawon hunturu ban ga wata matsala ba, har na ɗauka na iya sana'ar. Da bazara ta kankama a ƙarshen Maris, sai na lura ganyen yana yin yaushi da tsakar rana ya farfaɗo bayan la'asar, alhali bokitin cike yake da ruwa. Na yi zaton yunwa ce, na ƙara taki, kuma wannan kuskuren ya ci mini kwana uku kafin in ɗaga murfi in dubi abin da ke ƙasa.

Saiwar da na sani fara sol, mai ƙarfi, mai ƙanshin ɗanyen ganye, ta koma launin ruwan ƙasa a bokitai biyu, ta manne da juna kamar jiƙaƙƙen gashi, ga wani wari mai kama da na kwatar da ta kwana ba ta gudu ba. Da na kama sili ɗaya tsakanin yatsu biyu na ja a hankali, sai ɓawonsa ya zame da yauƙi ya bar wani siririn zare a hannuna. Ina son mai fara wannan noma ya riƙe wannan gwaji, domin canjin launi kaɗai ba hujja ba ce. Akwai takin ruwa mai duhu da ke rina saiwa ta yi ja-ja alhali lafiyarta ƙalau, kuma irin wannan saiwar idan an ja ta ba ta zamewa, ba ta wari, ana kuma ganin sababbin rassa farare a bakinta. Wadda ta ruɓe ce take saɓule ɓawo.

Abin da ke haddasa wannan ruɓewa a mafi yawan lokuta wata halitta ce da ake kira Pythium, mai kama da fumfuna, 'yar uwar Phytophthora wadda ta lalata dankalin ƙasar Ailan daga shekarar 1845. Ƙwayoyinta suna iyo a cikin ruwa har su iske saiwa, kuma sun fi samun galaba a kan saiwar da ta riga ta galabaita saboda ƙarancin iskar oksijin. A nan ne zafin garinmu yake shigowa. Ruwa mai zafin digiri 20 yana iya riƙe kusan miligiram 9 na oksijin a kowace lita, amma a digiri 30 abin yana sauka zuwa kusan 7.5, kuma a daidai lokacin da iskar take raguwa ne saiwa take ƙara buƙatarta, domin zafi yana hanzarta numfashinta. Nau'in da ake kira Pythium aphanidermatum kuwa ruwan ɗumi ne ya fi so. Da na tsoma ma'aunin zafi a bokitina da ƙarfe biyu na rana, digiri 33 ya nuna, kuma a wannan makon sau da yawa ana ɗauke wuta tun hantsi sai bayan magariba, wato famfon yana tsayawa a daidai sa'o'in da ruwan ya fi zafi.

Wannan ne ya sa a farkon Afrilu na sayi famfon iska mai batir a ciki, irin wanda masu kiwon kifin ado da masu jigilar 'ya'yan kifi suke amfani da shi. Girmansa bai wuce tafin hannu ba, ana yi masa caji da irin wayar da ake cajin salula, yana da bakin tiyo biyu, kuma ya zo da dutsen iska biyu, wato ɗan dutse mai ƙananan ƙofofi da ke farfasa iskar ta fito ƙananan kumfa. Babban abin da na saye shi dominsa shi ne, idan aka ɗauke wuta yana komawa kan batir da kansa ba sai an taɓa shi ba, kuma a wannan fannin bai taɓa ba ni kunya ba ko sau ɗaya a cikin wata biyar. Na sha tsayawa a kansa a lokacin da fankar ɗaki ta tsaya, in ga kumfar tana ci gaba da tasowa ba tare da ta yanke ba. Ƙararsa ma ba ta kai ta tsohon famfona ba, muddin an ɗora shi a kan tsumma ko soso.

Batirin dai bai kai abin da mai sayarwa ya faɗa mini ba. Idan na bar shi yana hurawa ba tsayawa, sa'o'i bakwai zuwa takwas yake yi, kuma a yanzu ya fara gaza hakan. Yana da wani tsari na biyu wanda yake hurawa na 'yan daƙiƙoƙi ya huta na 'yan daƙiƙoƙi, kuma da shi ne nake samun ya kai ni dare, duk da cewa a ranakun tsananin zafi hankalina bai cika kwanciya da wannan hutun ba. Duwatsun da suka zo da shi ƙanana ne ƙwarai, sun toshe a cikin wata guda saboda gishirin taki, sai da na sayi manya. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ba a haɗo shi da ɗan makarin da ke hana ruwa komowa ta tiyo ba, kuma babu ko layi ɗaya a takardar da ya gargaɗi mai saye. Duk famfon da aka ajiye ƙasa da tsayin ruwan bokiti, ranar da batir ya ƙare ruwa zai iya biyo tiyo ya shiga cikinsa ya lalata shi. Ni na rataye nawa a ƙusa sama da bokitan, a cikin inuwa, domin iskar da ya zuƙa ita yake turawa cikin ruwan, idan mai zafi ce mai zafi zai tura.

Dole in faɗi abin da famfon bai yi ba, tun da wani zai iya karanta yabon da na yi ya ɗauka magani ne. Bai warkar da saiwar da ta riga ta ruɓe ba. Bokiti ɗaya na tumɓuke shukarsa gaba ɗaya na zubar nesa da sauran. A na biyun na yanke duk saiwar da ta yi yauƙi da almakashi mai tsabta, na ɗauraye ragowar, na wanke bokiti da tiyo da kofuna da ruwan bilic kashi ɗaya a cikin ruwa kashi tara, na ɗauraye sosai, sannan na haɗa sabon ruwa mai ƙarancin taki, na daidaita tsaminsa tsakanin 5.5 da 6.5 a ma'aunin tsami da ake kira pH. Na zuba haidirojin faroksayid mai ƙarfin kashi 3 cikin 100, irin na wanke ciwo da ake samu a kemis, mililita 3 a kowace lita. Bayan kwana shida na ga sababbin saiwoyi farare, gajeru kamar tsinken sakace, suna fitowa daga gindin shuka uku cikin huɗu. Wanda yake amfani da maganin da ke ɗauke da ƙwayoyin Bacillus masu kare saiwa kada ya haɗa shi da faroksayid, domin faroksayid ba ya bambanta ƙwaya mai amfani da mai cutarwa.

Haka kuma famfon ba ya sanyaya ruwa, kuma a Kano wannan ne rabin yaƙin. Bokitaina masu launin shuɗi ne, haske yana ratsa su har gansakuka ta fara fitowa a ciki, ita ma tana cin oksijin da dare. Na naɗe kowanne da baƙar leda don tare haske, na lulluɓe da buhun algarara ina jiƙa shi sau biyu a rana, na kuma ɗaga su daga kan simintin da ke ɗaukar zafi. Dabarar ita ce dai ta randa, kuma ita ce Mohammed Bah Abba, malamin nan da ya koyar a Jigawa, ya yi amfani da ita a tukunyarsa ta cikin tukunya, mai sanyaya kayan lambu ba tare da wutar lantarki ba, wadda ta samo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. A busasshiyar iskar Afrilu buhun ya sauko mini da ruwan zuwa digiri 27, amma da damina ta sauka iska ta yi laima sai tasirinsa ya ragu. Ban taɓa kaiwa digiri 18 zuwa 22 da ake so ba, sai dai haɗuwar inuwa da kumfar da ba ta yankewa ta isa ta hana ruɓewar dawowa.

Mai bokiti ɗaya ko biyu wanda ba ya son dogaro da wuta yana iya bin hanyar Bernard Kratky na Jami'ar Hawayi, inda ake barin ruwa ya riƙa raguwa har a sami sarari tsakaninsa da murfi, saiwar sama ta riƙa shaƙar iska kai tsaye, da sharaɗin kada a sake cika bokitin har ya nutsar da wannan saiwar. Amma wanda ya zaɓi saiwarsa ta zauna cikin ruwa dare da rana a garin da wuta ba ta da tabbas, ina ba shi shawarar ya sayi irin wannan famfo tun kafin ya shuka iri, ya haɗa da makarin tiyo da manyan duwatsu da ma'aunin zafi a rana ɗaya. Famfo ɗaya bokiti biyu yake ɗauka da kyau. Da na raba shi huɗu kumfar ta yi rauni, shi ya sa na sayi na biyu a watan Mayu, kuma kafin Maris mai zuwa zan canza wa na farkon batir.