Wasiƙa daga Ingila: tiyatar rage nonon maza a nan da sauran ƙasashe

Yaya, assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya.

Saƙonka ya iso, kuma maganar ɗanmu ta tsaya mini a rai. Ka ce tun yana ɗan shekara 14 ƙirjinsa ya fara tasowa, ga shi yau yana da 23 abin bai koma ba, har ya bar ƙwallo, ba ya yarda ya tuɓe riga a gaban kowa. Ka tambaye ni inda ya fi dacewa a kai shi: nan Ingila, ko Turkiyya da yake ta ganin tallarta a Instagram, ko kuwa Indiya. Tunda aikina jinya ne a sashen tiyata, bari in faɗa maka abin da na gani da wanda na sani. Amma tun farko ka riƙe wannan: yankan kansa kusan iri ɗaya ne a duk inda aka sami ƙwararren likita. Inda ƙasashen suka sha bamban shi ne binciken da ake yi kafin a taɓa mutum, da kuma wanda zai duba shi bayan an ɗinke.

Likitoci suna kiran wannan larura gainakomastiya. Kowane namiji yana da ɗan ƙululun nono a bayan kan nononsa, kuma jikinsa yana yin sinadaran maza da na mata duka biyu, wato testosteron da istrojin. Idan na matan ya rinjayi na mazan, ko da na ɗan lokaci ne, sai ƙululun ya girma. Ana ganin haka a jarirai, a lokacin balaga, da kuma bayan shekara 50. Kusan rabin samari suna fuskantarsa wajen balaga, kuma ga mafi yawansu yakan baje da kansa tsakanin wata 6 zuwa shekara 2. Shi ya sa a nan ba a gaggawar yanka yaro ɗan shekara 15. Amma in abin ya daɗe, naman yakan yi tauri ya zama kamar jijiya, daga nan magani ba ya cin sa. Ko tamoksifen da likitoci kan bayar, a farkon ciwon ne yake taimakawa, lokacin da wurin ke zafi. Don haka ka gaya masa ya daina ɓarnar kuɗi a kan man shafawa da ƙwayoyin da ake tallatawa a intanet. Motsa jiki yana rage kitse, ba ya narkar da ƙululu. Na shekara 9 irin nasa, in har ƙululu ne, sai wuƙa.

Abin da ya fi burge ni a Ingila shi ne rashin gaggawarsu, duk da cewa shi ne kuma abin da ya fi ba mutane haushi. Ba ka isa ka tashi ka je wurin likitan fiɗa kai tsaye a asibitin gwamnati ba, sai ka bi ta hannun likitan unguwa. Shi zai zaunar da kai ya jero tambayoyi: yaushe ya fara, gefe ɗaya ne ko biyu, akwai zafi, wane magani kake sha? Tambayar magani ba ta cika baki ba ce, domin magunguna da yawa suna jawo wannan abu. Akwai spironolakton na hawan jini da ciwon zuciya, wanda ake sayarwa da sunan Aldactone; akwai simetidin na gyambon ciki, finasterid na sanƙo da kumburin mafitsarar maza, efabirenz na masu ɗauke da cutar ƙanjamau, da wasu magungunan taɓin hankali. Ga kuma allurar ƙara damtse da samari ke yi wa kansu a wuraren ɗaga ƙarfe, wadda a nan ta zama babban sanadi. Wanda aka yi wa tiyata ya koma kan allurar nan, abin na iya dawowa.

Bayan tambayoyi sai a taɓa ƙirjin a ji ko ƙululu ne ko kitse zalla, a duba maraina, a ɗebi jini a auna hanta da ƙoda da maƙoƙo da sinadaran jiki. Kada kunya ta hana shi yarda a duba maraina. Wani lokaci girman nono shi ne alamar farko ta ƙari a maraina, kuma saurayi mai shekarunsa yana cikin waɗanda irin wannan ƙarin ya fi kamawa. Akwai kuma larurar gado da likita Harry Klinefelter ya bayyana a 1942, wadda kan zo da girman nono da ƙanƙancewar maraina da matsalar haihuwa. Sankarar nono ma tana kama maza, duk da ba ta da yawa: kusan kashi 1 cikin 100 na masu ita maza ne, kuma a Birtaniya ana samun maza wajen 400 a shekara. Idan aka ji dunƙule mai tauri a gefe guda, ko kan nonon ya lotsa ciki, ko yana fitar da jini, to maganar ta tashi daga gyaran jiki. A Ingila ƙa'idar ita ce cikin kwana 28 a tabbatar wa mutum ko sankara ce ko ba ita ba ce. Ba don in tsorata ka na kawo waɗannan ba, Yaya. Mai yiwuwa nasa na balaga ne da ya ƙi komawa. Amma duk wanda ya ce zai yanka shi ba tare da wannan bincike ba, ku guje shi.

Sai maganar kuɗi. Hukumar lafiya ta NHS ba kasafai take yin wannan aiki ba, don tana lissafa shi cikin gyaran jiki. Kowane yanki yana da sharuɗɗansa, kuma ko mazauna ƙasar da yawa ana mayar da su. Baƙo kuwa ba shi da rabo a kyauta. Tun 2015 dokar ta ce a caje shi kashi 150 cikin 100 na kuɗin aikin. Saura asibitin kuɗi, inda ƙiyasin da NHS ta bayar ya kama daga fam 3,500 zuwa 5,500, ban da kuɗin ganin likita. Ka ɗora biza da jirgi da masauki a kai. Gaskiya da tsada, kuma ba zan ce maka hannun likitan Landan ya fi na Istanbul ko na Delhi ba. Abin da kuɗin ke saya maka shi ne tsari. Hukumar CQC tana duba asibitoci ta wallafa abin da ta gani. Hukumar GMC tana da rajistar likitoci a buɗe, kowa na iya shiga ya ga ko mutum ƙwararren likitan fiɗa ne. Tun 2016 ta wajabta cewa likitan da zai yi aikin shi da kansa zai zauna da majinyaci ya yi masa bayani ya karɓi yardarsa, ba wakili ba. Ana kuma so a bar wa mutum aƙalla mako 2 ya yi tunani.

Faransa ta fi Ingila tsanani a nan, domin su doka ce: sai an ba ka takardar farashi dalla-dalla, sannan a jira kwana 15 kafin a yi aikin. A Jamus inshorar lafiya takan biya idan likitocinta sun tabbatar larura ce, amma can ma kowane likita na iya kiran kansa likitan gyaran jiki, don haka takardar ƙwarewa ake dubawa ba allon ƙofa ba. Amurka ban ba ka shawararta ba ko kaɗan, tsadar ta wuce misali.

Turkiyya ce nake so in ɗan daɗe a kanta, tunda can hankalinsa ya karkata. Kada a zalunce su: suna da manyan asibitoci da ƙwararrun likitoci, kuma farashinsu ya yi ƙasa da na nan sosai. Tun 2017 ma'aikatar lafiyarsu ta wajabta wa duk asibiti ko dillalin da ke karɓar baƙi ya mallaki takardar izini ta musamman, kuma kuna da haƙƙin ku ce a nuna muku ita. Damuwata tana kan yadda ake sayar da aikin. Za a haɗa maka otel da mota da tafinta da tiyata a farashi guda, wanda kake magana da shi a WhatsApp kuwa ɗan talla ne, ba likita ba. Da hoto ake yanke hukunci, alhali hoto ba ya bambance ƙululu da kitse, sai an taɓa da hannu. Sai a ce ka biya kafin alƙalami domin rangwamen zai ƙare. Mutum bai ga likitansa ba sai ranar aiki ko jajibirinta, lokacin da ya riga ya biya jirgi, ba shi da ƙarfin cewa ya fasa.

Na sha ganin ƙarshen irin wannan tafiya a wurin aikina. Saurayi zai zo sashen gaggawa ƙirji ya kumbura da jini ko ruwa, ko ɗinki ya ruɓe yana zazzaɓi, ba takardar da ke nuna abin da aka yi masa, lambar wayar da yake kira kuma ba a ɗauka. Za mu ceci lafiyarsa, amma ba za a gyara masa fasalin ƙirjin ba, wannan sai ya sake biya. Abin yana ba ni tausayi, domin mutum ne da ya yi shekaru yana ɓoye jikinsa, ya tara kuɗi da ƙyar. Araha ba ta ado. Shawarar NHS ita ce kada a hau jirgi sai bayan kwana 5 zuwa 7 da aikin nono ko zuƙe kitse, saboda haɗarin daskarewar jini a jijiya. Ni dai in ɗanmu ne, ba zan yarda ya taso ba sai ya cika mako 2 kuma likitan ya sake ganinsa.

Indiya tana da nata alherin. Takardun asibiti da Turanci ake rubuta su, don haka duk likitan da ya karɓe shi daga baya zai iya karantawa. Manyan asibitocinsu cikakku ne, akwai likitan sinadaran jiki da ɗakin gwaji da sashen kulawa ta musamman a gini ɗaya. Suna da bizar jinya, har da ta mai rakiya. Ku nemi asibitin da ke da shaidar inganci ta NABH ko JCI, wato hukumomin da ke tantance asibitoci, da likitan da ke da takardar ƙwarewa ta MCh ko DNB a fannin fiɗar gyaran jiki. Ku yi magana da asibitin kai tsaye, domin dillali kamasho yake ci, inda aka fi ba shi can zai tura ku.

Aikin kansa ba sabo ba ne. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Andalus da ya rasu wajen 1013, ya bayyana yadda ake yinsa. A yau likitoci da yawa suna bin rabe-raben girman kumburin da likita Simon ya yi a 1973, daga ƙaramin kumburi zuwa babba mai fatar da ta zazzago. Yawanci ana sa mutum barci, a zuƙe kitsen ta ɗan ƙaramin rami, sannan a tsaga gefen baƙin da'irar nono ta ƙasa, hanyar da likita Webster ya kawo a 1946, a ciro ƙululun. Awa ɗaya zuwa biyu an gama, da yawa ma a ranar suke komawa gida. Gwanintar likita tana wajen sanin abin da zai bari. In ya kwashe duka, kan nonon zai lotsa ya bar rami, gyaran wannan kuwa ya fi aikin farko wuya. In ya tsaya a zuƙe kitse kawai, ƙululun na nan, sai ma ya ƙara fitowa fili. Ku tambayi likitan wanne zai yi da dalilinsa, kuma ku tambaya ko za a kai abin da aka ciro ɗakin gwaji.

Abu biyu sun shafe mu mu baƙar fata, kuma ɗan talla ba zai ambace su ba. Na farko tabo. Fatarmu ta fi saurin yin tabo mai tudu wanda ke ci gaba da girma, wato keloyid, kuma ƙirji yana cikin wuraren da ya fi fitowa. Ka duba jikinsa, in yana da tsohon rauni da ya yi tudu, lallai a gaya wa likita tun kafin a sa rana. Ku ce ya nuna muku hotunan aikin da ya yi wa masu irin fatarmu bayan shekara guda, ba bayan mako guda ba. Na biyu sikila. A nan ba ma sa ɗan Afirka barci sai an san matsayin jininsa, don haka ya tafi da takardar gwajinsa a hannu.

Bayan aiki zai sa rigar matsi na makonni, ya haƙura da ɗaukar nauyi da ƙwallo kamar wata ɗaya zuwa mako 6. Kumburi kan ɗauki watanni kafin ya gama sacewa, kan nonon kan yi ɗan mutuwar ji, kuma gefen biyu ba lallai su zama daidai wa daida ba. Duk wannan lokaci yana buƙatar likitan da zai iya zuwa wurinsa da ƙafarsa. Saboda haka kafin ku yi maganar biza, ku fara neman ƙwararren likitan fiɗar gyaran jiki a kusa da ku. In kun same shi, kuma ya amsa tambayoyin nan ba tare da ɓata rai ba, ni na fi natsuwa da shi a kan na nesa. In kuma tafiyar ta zama dole, na fi karkata ga Indiya saboda takardu da cikar asibiti, sai Turkiyya in ya ga likitan ta bidiyo tun kafin ya biya ko sisi. Kowacce kuka zaɓa, a samu likita a gida da ya yarda zai karɓe shi in ya dawo.

Ka zauna da shi kai da shi, ka gaya masa wannan larura ce da ake gyarawa, ba ta rage masa komai a mazantakarsa ba, kuma ba laifinsa ba ne. Ka tambaye shi cikin lalama ko yana shan wani abu na ƙara ƙarfi ko damtse. In yana jin nauyinka, ya kira ni. A yi gwajin jinin da na lissafa da hoton ƙirji na asibiti, ka turo mini sakamakon tare da sunayen duk magungunan da yake sha.

A gaida Yaya Babba da yara duka. Allah ya ba shi lafiya.

Ƙaninka.